Nodumax a gonar waken soya: abin da saiwa ta nuna mini

Damina biyu ke nan ina amfani da Nodumax a gonata da ke hanyar Shika, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani. Baƙin gari ne da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take haɗawa domin waken soya. Ba taki ba ne, rayayyun ƙwayoyin bakteriya ne da ake shafa wa iri. Ana jiƙa ƙaro, a yayyafa wa irin, a zuba garin a gauraya a inuwa har kowace ƙwaya ta yi baƙi, sannan a shuka a ranar.

Abin da ya gamsar da ni a ƙarƙashin ƙasa yake. Mako shida bayan shuka na tono tushe biyar da hauya, na wanke saiwoyin, sai ga su cike da ƙananan ƙullutu kamar ƙwayar dawa, musamman a jikin uwar saiwa. Kawuna da ke tare da ni ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan wake ya kamu da cuta." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a duba cikinsa," na fasa ɗaya da farce, cikin ya fito jaja-jaja kamar tsoka. Wannan launi shi ne shaidar cewa ƙwayoyin suna aiki, suna ɗaukar naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, suna mayar da shi abincin shuka. Idan cikin fari ne, aikin bai fara ba, idan kuma kore ne, ya riga ya ƙare.

Ban ga laifin Kawu ba, domin akwai ƙullutun da lallai cuta ne. Wanda ƙananan tsutsotsin ƙasa ke haddasa wa tumatir da kuɓewa kumburin saiwar ce kanta, ba ya ciruwa, shi kuwa na wake a gefe yake maƙale, da ɗan yatsa ake ɓalle shi. Masana ma da suna ɗaya suke kiran abubuwa mabambanta. Kalmar Latin tuberculum, wato ɗan ƙaramin kumburi, da ita ake kiran tudun da ke kan ƙashin damtse inda jijiyoyin kafaɗa suke kamawa, da ita aka kira ƙullutun saiwar wake, kuma daga gare ta sunan tarin fuka ya fito a wajen likitoci, saboda ƙullutun da cutar ke yi a huhu.  Siffa ɗaya ce, amma wani halitta ne, wani ciwo, wani kuma arzikin manomi.

A kunyoyin da na shafa wa garin ganye ya fi duhu, kuma ban sayi yuriya, wato takin naitirojin, ba ko mudu ɗaya. Takin sufa mai fosfaras kam na zuba, domin ƙullutun ba ya yin kirki idan ƙasa ba ta da fosfaras, kuma duk wanda ya ce maka garin kaɗai ya isa bai faɗa maka gaskiya ba.

Damuwata tana wajen masu sayarwa. A wani shagon kayan noma na iske an jera fakitin a kan tebur a bakin ƙofa, rana tana dukansa tun hantsi, mai shagon kuwa bai san cewa abu mai rai yake sayarwa ba. Zafi yana kashe ƙwayoyin, manomi ya shuka mataccen gari, ya koma yana zagin kayan. Ni yanzu ba na saye sai inda na ga an ajiye shi a wuri mai sanyi, na duba ranar ƙarewar wa'adinsa, kuma a gida kusa da randa nake ajiye shi har ranar shuka.