Akwatin roba mai murfi: zai kai ƙananan samfura sabon gida lafiya?

Duk mai haɗa ƙananan samfura, na jiragen sama ne, ko tankokin yaƙi, ko gine-gine irin na ɗaliban zanen gini, babu ranar da yake fargaba kamar ranar tashi daga gida. Abin da ya fi sauƙin samu don wannan aiki a Katsina shi ne akwatin roba mai murfi, wanda ake hango abin da ke cikinsa, mai cin kamar lita 60. Ana samunsa wurin masu kayan roba a babbar kasuwa. Ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi: sai an gyara cikinsa.

Ya fi kwali ta fuska uku. Ba ya lotsewa idan an ɗora masa kaya, ƙurar hunturu ba ta shigarsa sosai, kuma mai ɗauka yana ganin abin da ya riƙe, don haka yakan yi hattara. A zaɓi mai maƙalli biyu a gefe, a danna tsakiyar murfin da tafin hannu tun a shago. Idan ya lanƙwashe har ƙasa, a bar shi.

A auna gindinsa, ba bakinsa ba, domin ƙasan ya fi saman ƙunci. Samfurin fuloti mai ƙafa 50 da 100 a ma'aunin 1:100, wato an rage girmansa sau ɗari, kusan santimita 15 da 30 ne, zai shiga a wadace. A ma'aunin 1:50 kuwa ya koma 30 da 60, ba zai zauna ba. Irin wannan sai a sa kafinta ya buga masa akwatin katako, a ɗaure allon gindin samfurin da sukurori huɗu.

Babban aibinsa santsi ne. Samfurin da aka ajiye haka kawai zai yi ta yawo a ciki. Maganinsa soso mai kaurin inci 2 daga wurin masu kujeru, a yanka shi daidai gindin akwatin har sai an tura shi da ƙarfi kafin ya zauna. Jirgi ba a barinsa a kan tayoyinsa, don ƙafafun nan su ne farkon karyewa. A yanka soso gida biyu, a yi musu gurbi da reza, ɗaya ya tallafi gangar jikin ta gaba, ɗaya ta baya, tayoyin su rataya ba su taɓa komai ba. Sannan a soka tsinken tsire mai tsafta a soson, gaba da bayan kowane fiffike, a naɗe wurin da zai taɓa fenti da takarda mai laushi. Samfurin jirgin yaƙi Spitfire a ma'aunin 1:72 faɗin fikafikansa kusan santimita 15 ne, huɗu za su zauna a shimfiɗa ɗaya da tazarar yatsu uku tsakaninsu. Tanka ta fi sauƙi: a cire kan da ke juyawa idan ba a manne shi ba, a tokare jikin da tsinke ta kusurwa huɗu.

Farfela, eriya, bama-bamai da ƙananan bishiyoyi, duk abin da zai ciru a cire shi, a zuba a kwalin ashana, a rubuta sunan samfurin a kai.

Kada a naɗe da jarida, tawadarta na kama fenti. Auduga tana sarƙewa da eriya ta fizge ta wajen warwarewa. Ledar nan mai ƙurajen iska ma takan bar tambarinta a jikin fenti idan ta sha zafi. Kafin a rufe, a girgiza akwatin a hankali kusa da kunne. In an ji motsi, aikin bai ƙare ba.

Sai zafi, kuma a nan ne akwatin ya gaza ƙwarai. Rana na ratsa shi, iska ba ta fita. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan wuce 60. A haka siraran sassan roba ke lanƙwashewa, gam ɗin kyandir ya saki, rufin gini ya zame. Saboda haka kada a ba masu a-kori-kura shi su haɗa da gado da firji. A sa shi a kujerar bayan ƙaramar mota, a ɗaure da bel, a lulluɓa masa farin zane, a kama hanya da sassafe. Ko daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa ne haka za a yi, balle tafiyar Daura mai kusan kilomita 80. Direba ya taka a hankali a kan tudun rage gudu.

Idan an isa, a bar akwatin a inuwa ya huce kamar awa ɗaya kafin a buɗe, kuma kada a fito da komai sai an gama shara da jera kayan ɗaki.