Hattara da jinga mai araha wajen gyaran gida

Akwai wata damfara da ke yawan faɗa wa masu gyaran gida, musamman gab da damina lokacin da kowa ke sauri ya sauya rufi. Mai gida zai kira magina uku su duba aiki. Biyu za su kawo takarda mai lissafi, na ukun kuwa zai zagaya gidan hannu a aljihu, ya ɗan ƙwanƙwasa bango, ya ce: “Alhaji, kada ka wahalar da kanka, ba ni kaza in miƙa maka makulli.” Kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa da na sauran nesa ba kusa ba. Wannan arahar ita ce tarkon.

Da an shirya sai ya nemi kafin alƙalami mai tsoka, rabin kuɗin ko fiye, wai zai sayi kaya kafin su tashi. Washegari leburori sun iso, an yaye kwano, an fasa daɓe, an cire tagogi. Rushewa ba ta cin kuɗi, kuma ita yake gaggawar yi, domin daga ranar da gidanka ya zama kango ba ka da bakin ciniki. Bayan mako guda sai ka ji siminti ya tashi, katakon da aka tarar gara ta cinye, wayar wuta ba ta cikin magana. Ko ka ƙara kuɗi, ko ya janye yaransa ya bar ka da hadari a sama da iyali a gidan aro. Idan ka kai ƙara, sau da yawa za a ɗauki abin a matsayin saɓanin ciniki tunda ya taɓa aikin, ga shi babu takardar da ta faɗi abin da kuka yi alkawari.

Saboda haka kada a karɓi kiyasin da bai da adadi. Kowane layi ya nuna kaya, girmansa, yawansa, farashin ɗaya, sannan kuɗin aiki daban. Kuma kai ne za ka rubuta jerin ayyukan ka ba dukkan maginan iri ɗaya, in ba haka ba kana gwada farashin abubuwa uku ne da ba su da alaƙa.

Yawancin lissafin nan mai gida zai iya binsa da tef da waya. Bulo goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ci bulo 300, a cire gurbin ƙofa da taga, a ƙara kaɗan saboda fashewa. Wanda ya rubuta 450 sai ya yi bayani. Tayil mai 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44. Ɗaki mai mita 4 da 4 kwali 13 ya ishe shi har da na yanka. Kankaren dekin ko linta a haɗin 1:2:4 yana nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwano huɗu na yashi (irin kwanon da lebura ke ɗauka a ka), kwano takwas na tsakuwa, kuma kowace mita ɗaya ta tsawo, faɗi da zurfi tana shan wajen buhu shida. Maha'inci yakan rubuta buhunan daidai a takarda, amma a wurin kwaɓi ya ƙara yashi, ragowar simintin kuma ya fita a baro da magariba. Maganinsa mai sauƙi ne: a ajiye buhunan da aka zazzage, a ƙirga su kowace yamma.

Rodi ne inda aka fi cutar mutane, kuma nan ne cutar ke iya kashe rai. Rodi mai milimita 12 tsawonsa mita 12 ne, nauyinsa kusan kilo 10.6, don haka tan ɗaya bai wuce guda 94 ba. Idan aka ce maka tan na “sha biyu” ya kai guda 110, to siriri aka kawo, ko gajere. Ido ba ya bambance milimita 11 da 12, sikeli ne ke bambancewa. Ɗauki ɗaya a auna. A kasuwa irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja masu shago da kansu za su tambaye ka cikakke kake so ko mara cika, tunda duka biyun ana sayarwa. Laifin na wanda ya karɓi kuɗin cikakke ne ya kawo ɗayan. Kuma kada a yarda a zuba kankare kafin ka ga ɗaurin rodin da idonka ka ɗauki hoto, don in an rufe magana ta ƙare.

Haka kwanon rufi na alminiyom: a rubuta mai kaurin milimita 0.55, a kawo 0.45 ko ƙasa da haka. Akwai ɗan ma'aunin kauri a wajen masu sayarwa, a auna kafin a sauke daga mota. Wayar wuta kuma a kankare bakinta da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, zai iya yin zafi ya narke a cikin bango. Soket na son waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, fitila 1.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita 4. Katakon rufi a shafa masa maganin gara a ƙasa, kana gani, kafin kafinta ya hau da shi.

Wani abin da jinga mai araha ke ɓoyewa shi ne danshi. Gindin bango da ke kumbura yana zubar da fenti, ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ko bututu ke yoyo a ciki. Mai gaskiya zai ce a sassaƙe filastar, a gano tushen ruwan, a bar bangon ya bushe. Mai neman kuɗinka zai shafe shi da fenti ya yi kyau ranar biya, damina ɗaya ya dawo yadda yake. Shi ma bayin ruwa da ake yi wa sabon kankare na aƙalla kwana 7, a sa shi cikin yarjejeniya, domin mai sauri ba ya yi.

Batun biya kuwa, kuɗi ya riƙa bin aiki a baya, kada ya shige gabansa. Manyan kaya ka saya da kanka ko ku je tare, rasit da sunanka. Maginin zai ɓata rai saboda la'adar da yake samu a shago ta tafi, wannan ba komai ba ne. Kuɗin aiki a raba shi mataki mataki, ta banki, a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har rufin ya ga ruwan sama. Duk ƙarin aikin da ya taso a rubuta farashinsa a sa hannu kafin a taɓa shi. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali mai unguwa ya sani. Hotunan ayyuka a waya ba hujja ba ne, kowa na iya saukewa daga Facebook; je ka gidan da ya gama shekara biyu da suka wuce, ka gana da mai gidan ba tare da shi ba.

In gyaran ya haɗa da cire bango, faɗaɗa falo ko ɗora bene, birkila ba shi ne mai yanke hukunci ba, komai daɗewarsa a sana'a. A nemo injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya duba tushe da ginshiƙai, a kuma nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA ga mutanen Kano. Maginin da ya ce “ai haka muke yi kullum” alhali bai haƙa ya ga zurfin tushen ba, a biya shi kuɗin mota a sallame shi.