The Expanse: abin da na samu a littafi da abin da na samu a fim

Na karanta littattafan The Expanse duka tara, na kuma kalli fim mai dogon zango da aka yi daga cikinsu, kuma abin da zan fara gaya wa duk wanda ya tsaya a fim shi ne bai ji ƙarshen labarin ba. Fim ɗin ya tuƙe ne a littafi na 6, saura uku ba a taɓa su ba. Duk da haka ba na cikin masu cewa littafi ya fi fim a komai. Akwai wuraren da fim ɗin ya gyara abin da marubutan suka bari da gyara, kuma a nan ne na fi samun saɓani da sauran makaranta.

Mutum biyu ne suka rubuta labarin, Daniel Abraham da Ty Franck, amma suka sa suna ɗaya a bangon littafi, James S. A. Corey. Na farko, Leviathan Wakes, ya fito a 2011, na ƙarshe, Leviathan Falls, a 2021, kuma a 2020 jerin ya ci kyautar Hugo, wadda ake bai wa ƙagaggun labaran kimiyya da na almara. A labarin, ɗan Adam ya bazu cikin duniyoyin da ke kewaya rana ya kasu gida uku. Wannan duniya tamu tana hannun Majalisar Ɗinkin Duniya da mutum biliyan 30, da yawansu ba aikin yi sai tallafin gwamnati. Mars ta zama jamhuriya mai ƙarfin soja. Sai 'yan Belt, mazauna duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter da watannin da ke bayansu, su ne ke haƙo ma'adinai da ƙanƙara, su ne kuma ke biyan kuɗin ruwan sha da iskar da suke shaƙa.

Wannan ɓangare na ruwa shi ya fara kama ni. Labarin ya tashi ne da tarwatsa Canterbury, wani tsohon kumbon dako da ke ɗauko ƙanƙara daga zoben Saturn yana kai wa tashar Ceres da ke yankin Belt. Kumbo ɗaya ya salwanta, sai aka fara auna wa mutane ruwa, gari ya ɗauki zafi. Duk wanda ya taɓa zaman jiran mai ruwa da kurarsa a tsakiyar bazara, randa babu ko ɗigo, ba sai an yi masa bayanin fushin 'yan Ceres ba.

Babban abin da littafi ya fi fim da shi a wurina shi ne jikin 'yan Belt. Mutanen da suka girma inda ƙarfin jan ƙasa bai da yawa sukan yi tsawo fiye da kima, ga ƙashi marar ƙwari, ga kai ya ɗan fi na mutanen duniya girma. Naomi Nagata, injiniya 'yar Belt cikin jaruman labarin, a littafi tsawonta ya kusa mita 2. Ma'anar wannan ita ce wariyar da ake nuna musu a jikinsu take rubuce, daga nesa ake gane su, kuma da yawansu ko an ba su izinin saukowa duniya ba za su iya tsayuwa a kanta ba. Masu fim ba su da inda za su samo jarumai masu irin wannan siffa, sai suka koma ga zanen jiki da aski da salon magana. Makaranta da dama sun yi ƙorafi a kan haka, ni ma ina tare da su. Sau ɗaya ne fim ɗin ya nuna abin yadda ya ratsa ni: a farkon zango na 1, an kawo wani fursuna ɗan Belt duniya an rataye shi a jikin bango da ƙugiyoyi a hammatarsa. Ba wanda ya dake shi. Nauyin jikinsa kawai aka bar shi da shi, yana numfashi da ƙyar, Chrisjen Avasarala, babbar jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana tsaye cikin kayanta na alfarma tana yi masa tambayoyi a natse. Bayan wannan, sai a hankali aka bar batun ya dusashe.

Haka ma nisa. A littafi tafiya tana cin makonni da watanni, zuwa duniyar Ilus a littafi na 4 ya ɗauki fiye da shekara guda, kuma saƙo yakan yi mintoci ko awanni kafin ya isa. Mai karatu yana jin wannan jiran a ransa. A fim kuwa sau da yawa kamar yau aka tashi gobe aka isa. Amma ban hana masu fim yabonsu ba a kan yadda suka girmama dokokin kimiyya. Kumbo yakan tafi rabin hanya, sannan ya juya baya ya kunna inji don rage gudu. Ana ɗura wa matuƙa magani a jijiya don kada matsin gudu ya kashe su. A Ceres, idan ɗan sanda Miller ya tsiyaya abin sha, sai ka ga ruwan ya karkace kafin ya faɗa kofi, saboda tashar juyawa take yi. Ba wanda ya tsaya bayani, an nuna an wuce.

Inda fim ya yi zarra shi ne mutane. Avasarala ba ta bayyana ba sai a littafi na 2, amma masu fim suka shigo da ita tun kashi na farko, kuma jaruma Shohreh Aghdashloo ta fito a matsayinta da wata murya mai kauri da ba a mantawa. Ba don ita ba, da siyasar duniya ta zama labarin da ake ji daga nesa. Camina Drummer ta fim, wata shugaba 'yar Belt wadda Cara Gee ta fito a matsayinta, an haɗa ta ne daga mutane da dama na cikin littafi, aka ba ta ayyukansu da wahalhalunsu. Wasu makaranta sun ji haushin rasa waɗancan mutanen, ni dai a ganina an ci riba.

Sai Klaes Ashford, wanda a kansa na fi yin gardama. A littafi na 3 kyaftin ne mai girman kai da ƙaramin tunani, wanda tun daga farko ka san a kansa matsala za ta fito. A fim David Strathairn ya mai da shi tsohon ɗan fashin sararin samaniya da ya ga jini ya ishe shi, yana son 'yan Belt su zama al'umma da za a zauna da ita a teburi ɗaya. Akwai inda wata na'ura ta danne shi da Drummer a cikin kumbon Behemoth, ba mai iya ceton kansa sai da taimakon ɗayan, alhali kowa na zargin ɗan uwansa da neman kujerarsa. Hirar da suka yi a nan ta fi mini duk abin da littafin ya faɗa game da Ashford. Ko da ya yanke shawarar da ba daidai ba daga baya, ka san tsoron halakar mutane ne ya kai shi, ba son kai ba. Masu cewa an lalata shi da aka gyara shi, ban ga hujjarsu ba.

Harshen 'yan Belt ma a fim ya samu rai. Masanin harshe Nick Farmer ne ya tsara shi da nahawunsa, aka ji shi a bakin mutane a kasuwa da wurin zanga-zanga, ba 'yan kalmomi warwatse a takarda ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. A zango na 1 an sa ma'aikatan kumbon Rocinante, wato jaruman labarin, suna yawan faɗa da rashin yarda da juna, alhali a littafi tun da wuri suka zama kamar 'yan gida ɗaya, kuma wannan zumuncin ne ke riƙe mai karatu. Littafi na 5, Nemesis Games, wanda na fi so, shi ne ya fara shigar da mu cikin zuciyar uku daga cikinsu, Naomi da Amos bakanike da Alex matuƙi, kowa da babinsa. Fim ba ya iya shiga zuciya haka. Sannan harin duwatsun da Marco Inaros, jagoran 'yan tawayen Belt, ya kai wa duniya, a littafi biliyoyi ne suka mutu, ana bin yunwa da sanyi da rugujewar gari bayan gari, a fim kuwa an rage girman bala'in har bai yi nauyin da ya kamata ba. Mutuwar Alex a ƙarshen zango na 5 ma babu ita a littafi, can yana nan da ransa har littafi na 9.

Tarihin fim ɗin kansa ya nuna irin son da ake masa. Tashar Syfy ta fara nuna shi a Disamba 2015, ta dakatar da shi a 2018 bayan zango 3. Masoya suka tashi tsaye, har suka yi hayar jirgin sama ya ja kyalle mai roƙon a ceci fim ɗin a saman ofishin Amazon Studios, kuma Amazon ta karɓe shi ta yi zango uku. Sai dai zango na 6 kashi 6 kacal aka ba shi, ya ƙare a Janairu 2022, kuma gaggawar a fili take. An ɓata lokaci mai tsada ana nuna wata yarinya da wasu halittu a duniyar Laconia, daga gajeren labarin Strange Dogs, shimfiɗa ce ta abin da ba a zo aka nuna ba. Wanda bai karanta ba zai yi ta tambayar ina aka dosa.

Ga mai niyyar farawa, Turancin littattafan ba mai wuya ba ne, babi gajeru ne, kowanne da sunan wanda ake bi a kansa. Fim ɗin kashi 62 ne, kuma ina ba da shawarar a kunna rubutun ƙasan allo saboda maganar 'yan Belt. A yi haƙuri da kashi uku na farko, a na huɗu yake kankama. Akwai ashar da yawa, musamman bayan komawarsa Amazon, akwai kuma wuraren da ba na kallo da yara ba ne. Wanda ya gama fim yana son ci gaba zai iya ɗaukar Persepolis Rising, littafi na 7, inda labarin ya tsallake kusan shekara 30, jaruman sun manyanta, Winston Duarte, shugaban Laconia, kuma ya turo rundunarsa daga can. Sai dai ya shirya ganin Alex a kujerar tuƙi, da wata Drummer da ba ita ya sani ba.