Sharhi: Allon LM2596 da na haɗa cajar kwamfutar hannu da shi

A Sabon Gari na sayi wannan ɗan allo shuɗi na rage ƙarfin wuta mai suna LM2596, wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, kuma kuɗinsa bai kai na caja mai kyau ba. Buƙatata ita ce in riƙa cajin kwamfutar hannun da nake lissafin shago da ita a Tudun Wada kai tsaye daga batirin sola mai volt 12, ba sai na kunna inbata ba, don ita ma tana cin nata rabon tun kafin ta ba ka komai.

Aikinsa sauke ƙarfin wuta zuwa volt 5 da kafar USB ke so. Masu gyara sun saba sa wani ɗan abin rage wuta mai suna 7805, shi kuwa duk rarar da ya rage zafi yake mai da ita: a kan amp 1, wat 5 ke isa na'ura, wat 7 su ƙone a banza. LM2596 datse wutar yake yana sakewa sau dubu 150 a daƙiƙa ɗaya, koyil da kafasita su daidaita ta. Takardar bayanin kamfanin da ke ƙera LM2596, Texas Instruments, ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar ke wucewa daga volt 12 zuwa 5. Na ga hakan a batirina, yana kwana da sauran ƙarfinsa.

Sai dai ba a ɗauko shi a jona kawai. Akwai ɗan sukurin tagulla a kansa, kuma yadda yake fitowa daga shago yakan fitar da wuta kusa da wadda ta shiga. Mitar awon wuta za ka fara sawa, ka yi ta murɗa sukurin hagu. Zai daɗe bai motsa ba, har ka zaci matacce ne, sannan lambar ta fara sauka. Ni a 5.1 na tsayar, na ɗiga masa gam. Na kuma haɗe wayoyin tsakiya biyu na USB da dalma, don da haka yawancin na'urori ke gane caja ce, su ja wuta sosai.

Inda ban gamsu ba shi ne amp 3 da ake tallata shi da su. Kwamfutata wajen amp 2 take ja, amma a bazarar Zariya allon yakan yi zafi har yatsa ba ya iya zama a kansa. Dole na manna masa guntun alminiyom, na huda kwalin robar da na sa shi. Da hunturu kuma ƙura ke bi ta ramukan, sai an riƙa hurewa. Ba shi da kariya idan aka juya jan waya da baƙa, kuma in ya ƙone a haɗe, volt 12 ɗin na iya zarcewa cikin na'urar. Wannan ya fi komai damuna, shi ya sa na sa fis kusa da batir, kuma ba na barin sa a jone in zan kulle shago.

Ga mai rediyo, fitila ko kwamfutar hannu mai volt 5, in yana da mita ya kuma iya riƙe ƙarfen dalma, zan ce ya saya. Mai irin su Steam Deck, na'urar wasan bidiyo ta hannu, kuwa ya nemi wani allon, don cajarta mai wat 45 sai ta yi yarjejeniya da na'urar ta USB-C kafin ta ba da volt 15, abin da LM2596 bai iya ba.