Tsohon Sakas ko na Zamani: Wanne Ya Fi Dacewa da Labarin Matasa?

'Yar uwa, kin ce kina rubuta labarin matasa a kan wata yarinya da aka haifa a gidan masu wasan sakas a Amurka, wato masu tafiya kan igiya da tsalle-tsalle a sama, wadda ke fama da ciwon damuwa kuma ba ta jituwa da mahaifinta. Tambayarki ita ce ko ki ajiye labarin a tsohon sakas mai yawo gari-gari, ko kuwa a na zamani.

Tsohon sakas sana'ar gado ce, kamar yadda wasa da kura ko maciji yake a wurin gardawa, kuma a nan ƙarfinsa yake. Uba shi ne malami, shi ne maigida, sau da yawa kuma shi ne wanda zai cafke hannun ɗiyarsa idan ta saki lilo a sama, saboda haka saɓanin da aka yi da rana ba ya ƙarewa a ɗaki, yana bin su har kan igiya. Dubi iyalan Wallenda, fitattun masu tafiya kan igiya. A 1962, a birnin Detroit, dalar mutum bakwai da suke yi a kan igiya, wato wasu suna ɗauke da wasu, ta rushe, biyu daga cikin dangin suka mutu, ɗan shugaban iyalin, Karl Wallenda, ya shanye, amma washegari aka koma wasa. Shi kansa Karl faɗowa ya yi daga kan igiya ya mutu a Puerto Rico a 1978, yana da shekara 73. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida, idan ta ce zuciyarta ta gaji, za a ɗauka raki ne ko butulci, kuma da yake kowane mako suna wani gari, babu likita ko ƙawar da za ta daɗe tare da ita har ta lura da halin da take ciki.

Na zamani ya sha bamban. Kamfanin Cirque du Soleil, wanda aka kafa a Kanada a 1984, ba ya amfani da dabbobi, kuma 'yan wasansa ɗaukarsu ake yi aiki bayan gwaji, da yawansu daga makarantu ko fagen wasannin motsa jiki. A nan rikicin gida yakan juya: iyaye ne ke son jami'a, yarinya ke son lilo. Amfaninsa shi ne ciwon zai iya samun suna, a je wurin likitan ƙwaƙwalwa, a yi magani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da ke karantawa yana ganin kansa a ciki. Rauninsa kuwa, irin wannan saɓani ana iya samunsa a gidan kowane mai son waƙa ko ƙwallo.

Ni dai da zan zaɓa miki, da na ce ki tsaya a tsakani. Sakas ɗin Ringling na Amurka, wanda a lokacin yake yawo a jirgin ƙasa, ya daina wasa da giwaye a 2016, sannan ya rufe a watan Mayun 2017 bayan shekara 146. Ki ajiye iyalin labarinki a wannan lokaci, uba yana kallon gadonsa na kuɓuce masa, ɗiya kuma tana da waya a hannu, ta karanta alamomin ciwonta amma ta kasa furtawa a gabansa.

Roƙona ɗaya shi ne kada ki bari tafin 'yan kallo ya warkar da ita a babin ƙarshe. Ki bar ta ta yi wasanta lafiya, sannan washegari ta tafi ganin likita, ko da mahaifin bai riga ya yarda ya raka ta ba.