Zoben Fairuza Daga Wani Shagon Azurfa a Tudun Wada

Mahaifina ya daɗe yana sha'awar zoben azurfa mai dutsen fairuza, wato wani shuɗin dutse na ado, irin wanda ya gani a hannun alhazai a Madina, shi ya sa na shiga wani ƙaramin shago kusa da Kasuwar Barci a Kaduna, inda ake sayar da zobba da carbi da turare.

Abin da zai mayar da ni shagon shi ne gaskiyar mai shi. Da na nuna wani zobe da launinsa ya fi ɗaukar ido, sai ya ce, "Malam, wannan farin dutse ne aka rina, kada ka kai wa Baba shi." Ya ɗauko wani mai shuɗin sararin sama da siraran jijiyoyi baƙaƙe, ya bayyana mini cewa fairuzar da ta fi suna daga Naisabur ta ƙasar Iran take fitowa.

Dutsen nan yana da dogon tarihi a wajen masu neman tsari. Mutanen Masar na dā sun haƙo shi a Sina'i, har yana cikin adon Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922. Mahaya a Farisa da Turkiyya sukan ɗaura shi a linzami don kada doki ya kayar da su, wasu kuma sun ɗauka yana tare kambun baka, ko yana dusashewa idan mai shi zai yi rashin lafiya. Dusashewar kam tana faruwa, amma dalilinta a fili yake, domin dutsen yana shan gumi da mai da turare, su kuwa sukan karkatar da shuɗinsa zuwa kore. Mai shagon ya san duk waɗannan labarai, bai kuwa yi tallar hajarsa da ko ɗaya ba. Ya ce tsari na Allah ne, shi ado yake sayarwa, kuma wannan magana ta kwantar mini da hankali ƙwarai, ganin yadda ake cin kuɗin talakawa da sunan zoben sa'a.

Inda ban ji daɗi ba shi ne rage faɗin zoben, wanda aka ce kwana biyu ya kai mako guda, sannan ba a rubuta asalin dutsen a rasit ba duk da na roƙa. Aikin maƙerin dai ya yi kyau, dutsen ya zauna daram, kuma Baba yana cire zoben kafin ya shafa turare kamar yadda aka gargaɗe mu.