Bel ko sanda mai zare: wanne ya dace da injin CNC haɗin gida?

Masu fara haɗa CNC, wato injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, sun sha tambayata wannan: tsakanin bel da sanda, wanne ya fi dacewa wajen tafiyar da kan yankan injin? Bel ɗin GT2, wani siririn bel mai haƙora, ya fi araha da sauƙin ɗaurawa, ga sauri: fuli (gargaren da ke jan bel ɗin) mai haƙora 20 na tafiyar milimita 40 a juyi ɗaya. Matsalarsa miƙewa, in katako ya yi tauri sai yanka ya kauce, kullum kana ƙara ɗaure shi.

Sandar T8, wato sandar ƙarfe mai zare irin wanda noti ke hawa, mai tafiyar milimita 8 a juyi, ta fi ƙarfin turawa, amma notinta na yin lako-lako da daɗewa, kuma doguwa takan yi rawa in an matsa mata gudu.

Mai zane a faffaɗan falanki ya ɗauki bel. Mai ƙaramin inji da ke son yanka alminiyam, sanda ce tasa.